IDON YARO BA YA JIRA

Babba idan ganinsa ya fara raguwa, shi da bakinsa zai faɗa. Zai ce zura zare a allura ya gagare shi, ko kuwa rubutun da yake karantawa bara ya koma masa hazo-hazo. Yaro ƙarami ba haka yake ba. Wanda aka haifa da raunin ido bai taɓa ganin duniya da wani ido dabam ba, saboda haka yana tsammani yadda yake gani haka kowa yake gani. Ba zai kawo ƙara ba. Abin da za a lura da shi kawai shi ne yawan tuntuɓe, da ɓarin kunu, da kasa kwafe abin da malam ya rubuta a allo. Sau da yawa kuwa ladan da yake samu zagi ne ko bulala, a ce sakarai ne, ko daƙiƙi, ko mai taurin kai.

'Yan'uwa iyaye da kakanni, da malaman firamare da na makarantar Lahadi a ƙasar Rano da Kibiya, tun daga Rurum da Saji har zuwa Tarai da Fammar, wannan magana taku ce. Gama ku ne kuke tare da yaran nan safe da yamma, likita kuwa ba ya ganin yaro sai wanda aka kai masa.

Ido koyon gani yake yi

Jariri ba ya zuwa duniya da cikakken gani. A makonnin farko yana ganin haske da inuwa, da fuskar uwarsa sa'ad da yake shan mama. Wajen wata 2 zuwa 3 ya kamata ya riƙa kafa wa fuska ido, yana bin ta idan ta motsa, yana mayar da murmushi. Ido yana ɗaukar hoto ne kawai, ƙwaƙwalwa ce take fassara shi, ita kuwa sai ta koya, kamar yadda harshe yake koyon magana. Wannan koyo yana da lokacinsa. Ya fi ƙarfi a watannin farko, yana kuma raguwa har wajen shekara 7 ko 8.

Idan wani abu ya tare hoton a cikin waɗannan shekaru, ko yana ce, ko karkacewar ido, ko rashin tabarau ga mai bukatarsa, sai ƙwaƙwalwa ta daina kula da wannan ido, ta dogara ga ɗayan. Ko da daga baya an kawar da abin da ya tare, ganin ba ya dawowa sosai. Dattijo mai yanar ido zai iya zama da ita shekara biyu, a yi masa aiki ya gani tangaran, domin ƙwaƙwalwarsa ta riga ta iya gani tun yana yaro. Jariri ba shi da wannan sarari. Saboda haka maganar nan da muka saba yi, "a bari ya ƙara girma tukuna", ita ce ta fi kowace cuta cin idon yara. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Rumbun da ke cikin hanta

Akwai wani sinadari a abinci da ake kira bitamin A. Shi ne yake sa ido ya iya gani a duhu-duhu, shi ne kuma yake riƙe laima da santsin wannan fata mai haske kamar gilashi da ta rufe baƙin ido. Jiki yana ajiye shi a hanta, kamar yadda manomi yake zuba hatsi a rumbu, yana ɗiba kaɗan-kaɗan har wata da watanni. Sa'ad da rumbun ya kusa ƙarewa, alama ta fari ita ce dundumi. Yaro yana wasa lafiya da rana, amma da magariba ta yi sai ya nemi gefe ya zauna, ko ya riƙa lalube, ko ya kasa samun kwanon tuwo da 'yan'uwansa suke ci a gabansa. Bayan haka farin ido ya bushe, wani abu kamar kumfar sabulu ya fito a gefensa. In ba a kula ba, sai gilashin idon ya yi gyambo, ya narke cikin 'yan kwanaki. Abin da yake saura shi ne hakiya, wato farin tabon nan da ba ya fita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa ƙiyasta cewa yara 250,000 zuwa 500,000 suke makancewa kowace shekara saboda rashin wannan sinadari, rabinsu kuma suna mutuwa cikin shekara guda bayan makancewar. Wato ido yana faɗakarwa ne cewa ran yaron ma yana cikin hatsari.

Me yake cinye rumbun? Yaye da wuri, a bar yaro da koko da tuwo zalla. Gudawa mai yawan dawowa. Tamowa. Amma babban ɓarawo shi ne ƙyanda, wadda waɗansu suke kira baƙon dauro. Takan zo da rani da bazara, daidai lokacin da ganye ya yi wuya a gidaje da yawa. Cikin mako guda tana iya share abin da hanta ta tara, ga zazzaɓi, ga rashin cin abinci, ga ciwon baki. Yaron sai ya rufe ido saboda haske yana damunsa, a sa shi a ɗaki mai duhu, kowa yana jiran ƙuraje su gama fita. Ranar da ya buɗe ido sai a tarar da fari a ciki. Idan kuka tambayi makafi da yawa da suka rasa ido tun suna ƙanana, labarin da za ku ji ke nan.

Duk yaron da ƙyanda ta kama, a kai shi asibiti a ba shi bitamin A a ranar, a sake ba shi kashegari. A riƙa buɗe idonsa a hankali ana dubawa kowace safiya, a ci gaba da ba shi mama da abinci da ruwa. Allurar rigakafin ƙyanda kuwa ana yinta a wata 9, a maimaita a wata 15. Uwaye da yawa suna tsayawa a ta farkon domin a dā ita kaɗai ce, amma yanzu biyu ne. Mun san yadda shakkar allura ta shiga zukatan mutane a jihar nan tun 2003, lokacin da aka dakatar da rigakafin shan inna har zuwa 2004, kuma har yau akwai gidajen da ba su saki jiki ba. Ƙyanda dai ba ta tambayar dalilin da ya sa aka ƙi allura.

Ban da allura, akwai 'yar kwalbar roba mai kamar ƙwayar magani da ake yanke bakinta a matse wa yaro a baki, shuɗiya ga ɗan wata 6 zuwa 11, ja ga ɗan shekara 1 har ya cika 5. Wannan bitamin A ne, ana bayarwa kyauta kowane wata 6, musamman a makon lafiyar mata da ƙananan yara. Ku duba katin yaronku ku ga yaushe aka ba shi na ƙarshe.

Amma rumbu da abinci ake cika shi, abincin kuwa yana bayan ɗakinmu. Zogale, alayyafo, rama, lalo, tafasa, ganyen wake, kabewa, karas, gwanda, mangwaro nunanne, manja, man shanu, ƙwai da hanta. Ƙa'idar mai sauƙi ce: ganye mai duhun kore, da abin da cikinsa yake ja ko ruwan ɗorawa. Sai dai jiki ba ya iya tsotse shi sosai in babu maiƙo, don haka kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli da ɗan man gyaɗa ya fi zogale tsura. Ganyen da za a ajiye domin rani, a shanya shi a inuwa, gama rana tana kashe amfaninsa. Tun 2002 gwamnati ta wajabta wa kamfanoni su sa bitamin A a man girki da sukari da fulawa, kuma ana buga hoton ido a jikin buhu ko galan domin a gane. Man da ake aunawa a kwalba a kasuwa, ba wanda ya san daga wace duro ya fito.

A nan sai mun faɗa wa kanmu gaskiya. Ƙasar nan tana kusa da ruwan Tiga, masu noman rani suna loda kayan lambu a mota zuwa Kano, amma ɗan mai gonar ya kwana da tuwo da miyar kuka. Kaza ta yi ƙwai a kai kasuwa, ko a hana yaro wai zai koyi sata. Ƙwai bai taɓa koya wa kowa sata ba. Haka kuma dakashi, wato nonon farko mai kauri da launin rawaya da waɗansu tsofaffi suke sa a matse a zubar wai ƙazanta ne. Shi ne kashin farko da yake shiga rumbun jariri. A ba shi da zarar an haife shi, a ci gaba da mama zalla har wata 6.

Abin da ake zubawa a ido

Ciwon ido da yawa da kansa yake warkewa, ko da magani kaɗan. Abin da yake ɓata shi sau da yawa shi ne taimakon da aka yi masa. Ido ya yi ja, maƙwabciya ta ce a sa ruwan sukari, wata ta ce nonon uwa, wani ya kawo ruwan ganye ko saiwa, har akwai masu sa fitsari ko ruwan batir. Duk da kyakkyawar niyya ake yi, ba wanda yake musun wannan. Amma gilashin ido siriri ne ƙwarai. Abu mai zafi yana ƙona shi, abu mai datti yana shuka masa ƙwayar cuta, fitsarin mai ciwon sanyi kuwa yana iya huda shi cikin kwana biyu.

Maganin kemis ma yana da nasa hatsari. Akwai yara, yawanci maza, da suke fama da ƙaiƙayin ido shekara da shekaru, farin idonsu ya koma ruwan ƙasa, suna ta murza. Akwai wani irin maganin ɗigawa da yake kwantar da ƙaiƙayin nan take, sai uwa ta ji daɗi ta riƙa saye duk sa'ad da ya ƙare. Irin wannan magani idan aka daɗe ana sa shi ba tare da likita yana auna ido ba, yana kawo hawan jinin ido da yana. Ƙaiƙayin yakan ragu idan yaro ya balaga, amma ganin da maganin ya cinye ba ya dawowa. Tsumma mai tsabta da ruwan sanyi a kan ido a rufe ya fi aminci kafin a ga ma'aikacin ido.

Sai kwalli. Tozalin dutse da ake niƙawa yawancinsa dalma ne. A 2011, a birnin Boston na Amurka, likitoci sun sami dalma a jinin wani jariri ɗan iyayen Nijeriya, da aka bi sawu sai aka tarar daga tozalin da ake sa masa ne, kuma fiye da kashi 80 cikin 100 na tozalin dalma ce. Wanda ya tuna abin da gubar dalma ta yi wa yaran Zamfara a 2010 ya san ba abin wasa ba ce. Yaro yana murza ido ya sa hannu a baki, dalmar ta taɓa ƙwaƙwalwa. Ga kuma maciyin kwalli guda da yake yawo daga ido zuwa ido a gida. Kwalli ba ya ƙara wa jariri gani.

Wani gargaɗi ga ungozoma da masu jego: maganin da ake bayarwa domin shafa wa cibiya, na cibiya ne kaɗai. A 2015 an sami jarirai a ƙasar nan da aka ɗiga musu shi a ido bisa kuskure, domin kwalbarsa ta yi kama da ta maganin ido, idanunsu suka lalace, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da gargaɗi. A ajiye shi dabam, a kuma tambaya kafin a sa kome a idon jariri.

Alamun da ba a kwana da su

Jaririn da bai cika wata guda ba, idonsa ya kumbura yana fitar da ruwa mai kauri kamar mugunya, ranar za a kai shi asibiti. Yawanci cutar daga jikin uwa ya ɗauko ta wajen haihuwa, saboda haka uwa da uba ma suna bukatar magani, in ba haka ba na gaba ma haka zai zo.

Ɗan baƙin da ke tsakiyar ido ya kamata ya zama baƙi ƙirin. Idan kuka ga fari a cikinsa, ko yana ƙyalli da dare kamar idon kyanwa sa'ad da aka haska tocila, abu biyu ake tsoro. Na ɗaya yanar ido ce. Mutane suna ɗauka ta tsofaffi ce kaɗai, amma ana haihuwar yaro da ita, wani lokaci gado ne, wani lokaci kuma uwa ce ta kamu da rubela da ƙaramin ciki, wata cuta mai kama da ƙyanda marar zafi wadda ba a cika lura da ita ba. A watan Oktoba na 2025 aka soma yi wa yara allurar da ta haɗa ƙyanda da rubela a Nijeriya. Yanar da aka haifi yaro da ita, an fi so a cire ta cikin wata 2 na farko. Kada a kai yaro wurin masu yawo ƙauye-ƙauye suna soke ido da tsinke su tura yanar ciki. Na biyu kuwa ciwon daji ne na cikin ido, wanda yake kama yara 'yan ƙasa da shekara 5. Idan an kama shi da wuri ana ceton rai, wani lokaci har da idon. Idan aka jira har ido ya bulluƙo waje, yawanci an makara.

Haka nan jaririn da idonsa ya fi girma, ya yi hazo, yana zubar da hawaye yana gudun haske. Mutane sukan yaba, su ce ga manyan idanu, alhali ruwa ne ya taru a ciki yana matse jijiya. Bakwaini da aka kwantar a asibiti kuma, a nemi likitan ido ya duba shi kafin ya cika wata guda.

Karkacewar ido fa? A watanni 3 na farko idon jariri yakan yi yawo, ba kome. Bayan wata 6 idan ɗaya yana kallon wani wuri dabam, ba zai miƙe da kansa ba. Maimakon a laƙaba masa suna harara-garke, a kai shi. Sau da yawa tabarau ne maganin, ko kuma a riƙa rufe ido mai lafiyan na 'yan awoyi kowace rana domin a tilasta wa ragon ya yi aiki.

Ƙuda da kara

Amosanin ido ƙuda ne yake yaɗa shi, da hannu, da zanen da aka share wa wannan yaro kwantsa aka share wa wancan. A yarinta yake farawa, amma sai an girma gashin ido yake juyawa ciki yana gogar ido. Ƙudan da yake sauka a fuska a kashin mutum da aka bari a fili yake haihuwa. Wanke fuskar yaro da sabulu safe da yamma, da gina masai a yi amfani da shi, sun rage yawancin matsalar.

Da kaka kuma raunuka suke yawa: karan dawa, ƙaiƙayin gero wajen sussuka, danƙon harbin tsuntsu, da abin fashewar nan da yara suke wasa da shi lokacin Kirsimeti. Bulala ma tana cikinsu, gama bakinta yakan lanƙwaso ya sami ido, a gida ko a aji. Idan abu ya soki ido, kada a cire, kada a matsa, kada a sa magani. A yanke gindin kofin roba a kifa a kai, a ɗaure, a tafi. Maganin feshi ko toka ko siminti kuwa, su ake fara wankewa, da ruwa mai tsabta mai yawa, har minti 15 ko fiye, sa'an nan a kama hanya.

Wanda tabarau kawai yake bukata

Akwai yara masu lafiyayyen ido sarai, sai dai hoton ba ya sauka daidai inda ya kamata. Wani yana ganin na kusa, na nesa ya gagare shi. Shi ne mai ƙanƙance ido idan yana duban allo, mai kai littafi har hanci, mai kwafe daga littafin na kusa da shi. Gado yana da hannu a ciki, idan uwa ko uba suna da shi a sa ido a kan 'ya'ya. Amma yadda yaro yake yini ma yana da hannu. A manyan biranen gabashin Asiya, inda yara suke yini a ɗaki da littafi da na'ura, yawancin masu gama sakandare ba sa gani nesa sai da tabarau. Bincike ya nuna cewa wajen awa 2 a sarari kowace rana yana kāre ido daga wannan. A nan yaran ƙauye sun fi na birni sa'a, kada mu zubar da ita. Waya ta riga ta shigo kowane gida, an kuma fara miƙa wa mai kuka ita domin ya yi shiru. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2019 ita ce kada a zaunar da ɗan ƙasa da shekara 2 gaban waya ko talabijin, ɗan shekara 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa 1 a rana.

Tabarau ba ya kashe ido, ba ya kuma hana yarinya samun miji. Sai dai a auna kafin a yanka. Wanda ake shimfiɗawa a tire a kasuwa na karatun masu shekara 40 ne zuwa sama, ba na yara ba. Zabiya ma kusan dukansu suna da raunin gani. A zaunar da su a layin gaba, a yi rubutu da manyan baƙaƙe, a sa musu malafa.

Gwajin da kowa zai iya yi

Ga jariri ko ɗan yaye: uwa ta riƙe shi, wani ya nuna masa abin wasa, a rufe ido ɗaya da tafin hannu, sa'an nan ɗayan. Idan bai damu ba da aka rufe na hagu, amma da aka rufe na dama ya yi ta fizge-fizge yana kuka, to na hagun ba ya aiki sosai.

Ga ɗan shekara 4 zuwa sama: a zana harafin E da baƙin alƙalami a farar takarda, tsayinsa da faɗinsa ɗan ƙasa da santimita 2, kaurin kowace ƙafa daidai da filin da ke tsakaninsu. A tsayar da yaro a nisan mita 6, wato kamar taku 8 na babba, a wuri mai haske. A rufe ido ɗaya, a riƙa juya takardar, shi kuwa ya nuna da yatsunsa inda ƙafafun suka fuskanta. Ba sai ya iya karatu ba. Wanda ya kasa da kowane ido daga cikin biyun, a rubuta sunansa. Malami ɗaya da mataimaki za su iya gama aji guda kafin a tashi, ko bayan sujada sa'ad da iyaye suke nan.

Waɗanda aka rubuta, a fara da asibiti mafi kusa ko Babban Asibitin Rano, su ba da takardar turawa. A Kano akwai Asibitin Ido na ECWA da ke Sabon Gari, wanda 'yan mishan na SIM suka buɗe a 1943, kuma ana yi wa ƙananan yara aikin ido a can. Akwai sashen ido a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da Asibitin Murtala, akwai kuma Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna. A tafi da katin rigakafin yaron, da duk kwalbar maganin da aka taɓa sa masa, a kuma faɗi gaskiyar abin da aka zuba. Abin da ya fi tsayar da iyaye shi ne kuɗin mota da na kwana, da kuma komawa, domin bayan aiki ana bukatar a riƙa kai yaron ana canza masa tabarau yayin da yake girma. Zumuntar mata ko masu adashi za su iya ware wani abu domin wannan tun kafin bukata ta taso.

Idan kuma likita ya ce ganin ba zai dawo ba, yaron bai gama karatu ba. Tun 1953 akwai makarantar yara makafi a Gindiri ta jihar Filato, akwai kuma makarantar masu bukata ta musamman a Tudun Maliki cikin Kano, inda ake koyon karatu da rubutu da yatsu. A je a tambayi yadda ake shiga tun yaron bai wuce shekarun fara aji ɗaya ba.